Sunan da Baba Ya Ƙi Faɗi a Mota

Duk wanda ya zauna unguwar Zango a Yamai shekarun baya ya san muryar yayata Sa'adatu. Da la'asar za ta tsaya bakin ƙofa, hannu a ƙugu, ta ƙwala wa ɗanta na fari kira, "Ado! Ado!" har masu sayen goro a bakin titi su waiwayo. Matan unguwa su yi ta taɓe baki, wai boko ya cinye mata kunya, ina aka taɓa jin uwa ta kama sunan ɗan fari gatsau kamar mai kiran akuya. Har bayan rasuwarta na ji wata tana maimaita zancen nan a gidan suna, saura ƙiris in watsa mata kunun da ke hannuna. Tunda ba su san mafarin abin ba, bari in faɗa, ni Indo ƙanwarta, wadda aka yi komai a gaban idona.

Babanmu Malam Halidu Ba'adare ne. Daga ƙasar Tawa ya zo Yamai cin rani tun zamanin Faransawa, ya fara da yaron mota, ya sha duka da zagi har ya zama direba. Sa'adatu ce ɗiyarsa ta fari. Da aka yaye ta sai aka miƙa ta ga yayarsa Hajjo, wadda Allah bai ba haihuwa ba. Gida ɗaya muke, ƙofar ɗakin Hajjo tana kallon tamu, amma tun da na yi wayo ban taɓa jin Baba ya kama sunan Sa'adatu ba. In zai yi zancenta sai ya ce yarinyar Hajjo, ko ya ce waccan. In ya sayo kifi a bakin kogi, ni zai kira ya zaɓi mai tsoka ya ce in kai wa mutanen ɗakin can. Ni kuwa sunana a bakinsa kamar tasbaha, Indo kawo ruwa, Indo ina hulata, Indo Allah ya shirye ki.

Kada wani ya ɗauka ba ya son ta. Shekarar da ta yi ƙyanda, a zaure ya tare, tuwo ya je ya dawo bai taɓa ba, amma ƙafarsa ba ta taka ɗakin Hajjo ba. In an fito sai ya tambayi wanda ya fito, "Ya mai jikin?" yana kallon bango. Haka ya taras ana yi, haka ubansa ya yi wa Hajjo, kuma a wurinsu wannan shi ne cikar mutum. Innarmu ma haka take. Ita ko kallon Sa'adatu ba ta yi in da baƙi a gidan.

Saboda haka Hajjo ce uwarta, ita ce ubanta. Hajjo tuyar ƙosai take yi a bakin Babbar Kasuwa, mace ce doguwa mai faɗa, wadda ko sisin kwabo ba a cin mata, amma in Sa'adatu ta yi tari sai ta ruɗe. Da aka zo ɗibar yara mata zuwa lakwal, wato makarantar boko, masu hali suka ɓoye nasu, wasu a rumbu, wasu aka tura su ƙauye. Hajjo ba ta da mijin da zai tsaya mata, aka ɗauki tata. Ta yi kuka har muryarta ta dushe. Sai ga yarinya ta kama karatu, tana dawowa gida tana karanta wa Hajjo abin da aka rubuta jikin gwangwanin tumatir, Hajjo tana washe baki tana cewa ƙarya take yi.

Sa'adatu tana ajin ƙarshe kaskon mai ya kife wa Hajjo a ƙafa. Ƙunar ta ƙi warkewa, ta zama gyambo a ƙwauri, faɗinsa ya kai tafin hannu. Ba abin da ba a sa ba. Wanzami ya zo, mai ganye ya zo, wani ma ya ce a shafa kashin shanu, aka shafa. Warin ya kori masu sayen ƙosai, Hajjo ta daina fita. Saboda ƙafar nan Sa'adatu ta shiga makarantar anfirmiye, wato masu jinya, ba don farar riga ba. Tun a shekararta ta farko ta koyo yadda ake wanke miki. Kullum da safe kafin ta tafi sai ta dafa ruwa, ta jiƙa wani magani mai launin shuni a ƙaramin kwano, ta durƙusa ta wanke, ta yanke ruɓaɓɓen naman da almakashi, ta naɗe da tsumma mai tsabta. Hajjo tana zaginta tana cewa muguwa, tana dafe da kanta. Kafin ta gama makaranta gyambon ya tsuke bai fi ƙwayar goro ba, Hajjo ta koma bakin kaskonta. Malamarsu ta gaya mata cewa irin wannan miki a jikin tsohuwa, in aka bar shi hannun wanda bai iya ba, dawowa yake yi.

Sun gama ne shekara biyu ko uku bayan an sauke tutar Faransa. Lokacin gari ya cika da murna da baki. Kowa cewa yake yanzu namu ya samu, baƙin mutum ne a biro, wato ofis, wanda ya san mu ya san al'adarmu. Hajjo da kanta ta goge wa Sa'adatu farar rigarta da dutsen guga na gawayi, ba ta yarda kowa ya taɓa ba. Sa'adatu tana cikin waɗanda suka fi kowa a jarrabawa, malamarta Baturiya ma ta yi mata alkawarin za ta yi magana a bar ta a gari, sai dai kafin a kai ga rabon aiki ta tattara ta koma ƙasarsu.

Aiki kam ba a rasa shi a lokacin, don masu jinya ba su da yawa. Abin tambaya shi ne ina za a jefa ka. Akwai asibitin gari da ƴan ƙananan ɗakunan shan magani na cikin unguwanni, waɗannan su ne tsoka, kowa su yake hari, kuma gurbinsu kaɗan ne. Akwai barikin soja, amma maza ake kaiwa. Akwai ayarin masu yin lamba, waɗanda ke yawo a mota daga ruga zuwa ruga suna tsaga wa mutane rigakafin agana, ba sa ganin gida sai damina ta tare hanya. Sai kuma dispansar na ƙauye, ɗaki biyu da kwanon rufi, inda za a ajiye ka kai kaɗai da akwatin magani a manta da kai. Zaɓi kuwa ba naka ba ne. Gwamnati ce ta karantar da kai, ta ciyar da kai, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Sa'adatu ba ta nemi babban wuri ba. Cewa ta yi ko shara ce a ba ta, in dai za ta kwana a Yamai ta ga ƙafar Hajjo da safe.

Mutumin da ke raba wuraren nan shi ne Mushe Issoufou, wato Malam Issoufou da Faransanci, haifaffen Yamai, Bazabarme, siriri mai tabarau, wanda ya gaji kujerar wani Bature har da fankar da ke kanta. Direbansa kuwa shi ne Babanmu. Shi ke kai shi biro, shi ke kai matarsa kasuwa, shi ke kai yaransa lakwal, shi ya taɓa ɗauko shi a kafaɗa ranar da mota ta kafe a kwari ruwa ya kai ƙugu. Duk wanda ya shigo gidanmu cewa yake, "Ku kam kun huta, mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya." Mu ma haka muka ɗauka.

Sauran iyaye ba su zauna ba. Gidan Mushe ya zama kamar kasuwa, wannan ya shiga da zabi, wancan da buhun shinkafa. Wani Alhaji Isaka, mai sayar da katako a kasuwar Katako, yana da ɗiyar ƙanwa mai suna Jamila a ajin su Sa'adatu. Yarinya ce mai kirki, ba ni da abin faɗi a kanta, sai dai in ta ga jini jiri take yi. Mushe yana ginin sabon gida a lokacin. Babanmu da kansa aka aika ya rako amalanken da ya kai katakon rufin, ya dawo yana yaba kyan itacen.

Wata ranar Alhamis Baba ya dawo da la'asar fuskarsa a sake. Ya zauna a tabarma tsakar gida, abin da bai cika yi ba, ya ce da Hajjo, "Yaya, yau Mushe ya yi mini wata tambaya a mota."

Hajjo tana wanke wake, ta tsaya. "Mi yac ce?"

Baba ya kwaikwayi Hausar Mushe, irin ta kasuwa wadda ba ta raba mace da namiji. "Cewa ya yi, Halidu, an ce kai akwai yaro mace cikin sabon anfirmiye. Gaskiya ne? Yaya sunansa?"

"To, mi kac ce mishi?"

"Mi zan ce, Yaya? Na ce, Mushe, yara suna da yawa a gari, Allah dai ya yi musu albarka."

Hajjo ta saki ƙwaryar, wake ya watse. "Halidu! Mutum ya buɗe maka ƙohwa da hannunshi, ka maida ka ruhe?"

"Haba Yaya. In kama suna a gaban ubangidana, in roƙa ma abin da na haihwa? Da wane ido? Ai shi ma ɗan ƙasa na, su ma suna kunyar ɗan hwari kamar mu. Ya gane sarai. Dariya ma yay yi, yac ce to Halidu, to."

Ku ji fa. Baba bai ga ya yi kuskure ba, gani yake ya yi roƙo mafi ƙarfi da mutum zai iya yi. A Adar in uba ya yi shiru a kan ɗan fari, sai na kusa da shi su ɗauki maganar, abokinsa ko ubangidansa ya tsaya a madadinsa. Shi a ransa ya riga ya miƙa Sa'adatu hannun Mushe. Hajjo ta ce ya koma ya faɗa da baki. Ya ce in ya koma ya zubar da mutuncinsa da na Mushe gaba ɗaya, kamar ya ce masa bai san ya kamata ba. Sa'adatu tana ɗaki tana jin su, ba ta fito ba.

Abin da ke ƙona mini rai har gobe shi ne, gaskiya Baba ya faɗa, Mushe ya gane. Da Bature ne a kujerar nan da na ce bai san mu ba, ya tambaya an ce masa babu, ya wuce. Wannan kuwa a cikin al'adar aka haife shi. Ni da kunnena na sha jin yana kiran babban ɗansa da wani laƙabi don kada ya kama sunan. Ya san abin da shirun Baba yake nufi kamar yadda ya san hanyar gidansa. Tambayar ma don ya wanke kansa ya yi ta, ya san amsar da zai samu.

Ranar da aka tara su aka faɗi inda kowa zai je, Jamila ta samu ɗakin shan magani na unguwar da ke maƙwabtaka da tamu, wanda ko da ƙafa ba nisa. Sa'adatu aka tura ta wani ƙauye can gabas, bayan Damagaram, wajen tabkin Chadi, inda ko Hausa ba a cika ji ba. Ta dawo gida ta tuɓe farar rigar ta ninke, ta ɗauki kwanon magani ta durƙusa gaban Hajjo, alhali ta riga ta wanke ƙafar da safe. Sai da ta gama naɗewa sannan ta faɗa mata.

Washegari Hajjo ta yafa mayafinta na zuwa biki ta ce in riƙe ta mu je biro. Da ƙafa muka hau har Filato, unguwar ma'aikatu, tana ɗingishi, tsumman ƙafarta yana jiƙewa. Mai gadin ƙofa ya hana mu shiga, wai sai mai takarda. Muka zauna gindin wata bishiyar dogon yaro har rana ta take. Motar Mushe tana gefe, Baba yana goge ta. Ya gan mu, ya kau da kai, ya ci gaba da goge wurin da ya riga ya goge.

Da Mushe ya fito cin abinci, mutane suka taso masa kamar ƙuda, Baba ya buɗe ƙofar mota ya riƙe. Hajjo ta kutsa ta durƙusa a ƙasa, tsohuwa wadda a haife ta haife shi. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ɗiyata anka tura gabas. Ita ka wanke mini ƙahwa. Dubi." Ta yaye tsumman a gaban jama'a. "Ɗiyar direbanka ta, ɗiyar ƙanena Halidu."

Mushe ya cire tabarau ya goge, ya yi fuskar mamaki. Ya juya ga Baba ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Halidu, kai akwai ɗiya? Ni na tambaya kai cikin mota, ka ce yara da yawa cikin gari. To yanzu gaya mini. Ɗiyanka ne? Yaya sunansa?"

Ga masinjoji, ga direbobi ƴan'uwansa, ga yayarsa a durƙushe, ga ni ɗiyarsa. In a mota su biyu ya kasa, a nan ne zai iya? Na ga gumi yana bin wuyan Baba, leɓensa yana motsi ba abin da ke fita. Ni dai ban san sanda na buɗe baki ba. Na ce, "Sa'adatu Halidu sunanta!"

Mushe ko kallona bai yi ba. Ya ce, "Ba ke na tambaya ba." Ya ɗan jira, yana murmushi. Sannan ya ce da Hajjo, "Inna, kala suru," wato sai haƙuri da Zabarmanci. "An sa hannu, an gama. Ƙasa duka namu ne, gabas ma akwai mutane." Ya shiga mota. Baba ya rufe masa ƙofa a hankali yadda ya saba, ya zagaya ya tayar, suka bar mu cikin ƙura.

Da Hausawa suka ce kunyar marar kunya asara ce, ranar na ga ma'anarta tsaye da tabarau. Wai gabas ma akwai mutane. Ai mun sani. Me ya sa ba a tuna da mutanen gabas ba sai a kan ɗiyar direba? Katakon Alhaji bai san hanyar gabas ba ne?

Daga nan mashawarta suka yi yawa. Wata ta ce a yi maza a ɗaura wa Sa'adatu aure da kowane ma'aikaci na Yamai, don ba a raba mace da mijinta, wasu ƴan ajinsu ma haka suka yi suka tsira. Sa'adatu ta ce ba za ta auri mutum don ya zama mata turke ba, kuma lokaci ya ƙure. Wani mai kantin magani a Babbar Kasuwa ya aiko cewa ta ƙi tafiya, ta zo bayan kantinsa ta dinga yi wa mutane allura a ɓoye, zai biya ta fiye da gwamnati. Wannan ta so ta karɓa, don na ji tana gaya wa Hajjo. Hajjo ta ce, "Ban goge rigag ga ba don ki laɓe bayan buhunna kamar ɓarauniya, ranar da anka kama ki a ce ga tarbiyyar Hajjo. Ki tahi. Ƙahwa tawa ta, ba taki ba." Sa'adatu ta ce to su tafi tare. Hajjo ta yi dariya, ta ce kwana da kwanaki a bayan kamiyo, babbar motar kaya, kan hanyar da ke kakkarya mai lafiya, sai dai a sauke gawarta a Dogon Dutsi.

Kwanakin da suka rage Sa'adatu ta zaunar da ni ta koya mini wankin mikin. Na sa hankali iyakar iyawata. Amma ni ɗinki na iya, idona bai san bambancin naman da ke warkewa da wanda ya fara mutuwa ba, kuma ba abu ne da ake koya a mako guda ba. Ranar tafiya Baba bai zo tasha ba. Sai da muka je muka taras an ajiye mata wurin zama a gaba kusa da direba, an ɗaure mata sabuwar fitila da bargo a cikin kaya. Direban ya ce wani abokinsa ne ya roƙe shi, bai faɗi ko wane ne ba.

Abin da ta tarar a can, daga baya ta ba ni labari. Ɗaki biyu, ɗaya jemagu sun riga ta shiga. Ita ce likita, ita ce ungozoma, ita ce mai cire haƙori, ita ce mai share ƙasa. Ba ta jin Barbarci, su ba sa jin Faransanci, sai da hannu. Da farko mata ba sa zuwa, sai ranar da ta zauna a kan wata mai naƙuda da aka riga aka fidda rai, har Allah ya sauke ta lafiya. Daga nan sai ta buɗe ƙofa da safe ta tarar da ƙwaryar nono ko busasshen kifi ba ta san wanda ya ajiye ba. Ta wanke gyambo a ƙauyen nan ba iyaka, na masunta, na makiyaya, na yara. Ta ce duk wanda ta durƙusa gabansa, ƙafar Hajjo take gani. Ta yi ta neman a dawo da ita gida, ko amsa ba ta samu ba.

Mu kuma a nan mikin ya fara buɗewa. Maganin da ta bar mana ya ƙare, na je nema aka ce sai an kawo marar lafiyar. Na kai Hajjo wurin Jamila. Wallahi ta karɓe mu da mutunci, har da Inna sannu, amma da aka kwance tsumman sai ta koma bakin taga tana shan iska, ta miƙo mini auduga ta ce in shafa. Kafin shekara ta zagayo ma ta yi aure ta ajiye aikin, mijinta ya ce ba ya son warin asibiti. Wurin da aka hana Sa'adatu ya zauna wata da watanni ba kowa, an rufe ƙofar da kwaɗo, awaki suna kwana a barandar. Ina wucewa ta gabansa kullum in zan je kasuwa.

Gyambon ya wuce tafin hannu, ya kama ƙashi. Da aka kai ta babban asibiti suka ce sai dai a yanke ƙafar, Hajjo ta ce da ƙafa biyu ta zo, da biyu za ta koma. Cikin damina ta biyu zazzaɓi ya rufe ta. Tana ta kiran Sa'adatu, in na shigo da kwano sai ta ce, "Muguwa, kin zo?" in ta ga ni ce ta juya fuska. Baba yana zaure, tuwo yana zuwa yana dawowa, kamar shekarar ƙyanda. Ran wata Talata da hantsi Hajjo ta cika.

Abin da ya biyo baya na rayuwar Sa'adatu mutanen Zango sun sani. Ta ƙara shekaru a gabas, don ta ce yanzu ba abin da take yi wa gaggawa. Daga baya ta dawo Yamai, ta auri wani malamin lakwal, ta haifi Ado da ƙannensa, ta zama babba a kan masu jinya. Duk shekara in sababbi sun fito, sai ta bi ta gano wadda ba ta da kowa, ɗiyar mai wanki ko ta mai gadi, ta kama hannunta har biro, ta tsaya gaban tebur ta faɗi sunan yarinyar da na ubanta da ƙarfi, ta maimaita, ta ce a rubuta tana gani. Ma'aikata suna tsoronta, suna kiranta Madam Masifa a bayan ido. Mushe Issoufou kuwa gaba ya yi ta ci, ya mutu da girmansa, aka cika maƙabarta ana yabon kirkinsa. Ni ban je ba.

Amma ranar da ta dawo ta'aziyyar Hajjo ita ce ba ta barin raina. Saƙo ya daɗe kafin ya same ta, ruwa kuma ya yanke hanya, ba ta iso ba sai ranar sadakar arba'in. Zaure cike yake da maza, malamai da direbobi da dattawan Adarawa, an gama addu'a ana raba masar sadaka. Sai ga ta a ƙofa, ta rame ta yi baƙi, jan ƙasa har gashin ido, ƙullin kayanta a ka. Dole ta ratsa zauren kafin ta shiga gida. Ta tuɓe takalmi, ta sunkuyar da kai za ta wuce ta gefe yadda ta saba tun tana yarinya.

Baba ya miƙe tsaye. Ina bakin ƙofar cikin gida da tiren masa a hannu, na gan shi. Ya buɗe baki, muryarsa ta fito kamar ba tasa ba.

"Sa'adatu."

Dattawan nan duk suka sunkuyar da kai, wani ya yi gyaran murya. Ita ta tsaya cak. Ta sauke kayanta, ta durƙusa, ta ce, "Na'am, Baba."

"Sa'adatu," ya sake faɗa, hawaye yana bin gemunsa. "Ɗiyata ta. Sa'adatu sunanta. Ku ji, ɗiyata ta."

Ba ta ɗaga kai ba, ba ta kuma ɗaga murya ba, amma ba wanda bai ji ta ba a zauren nan. Ta ce, "Ni na san sunana, Baba. Mushe na ya tambaye ka."

Ta tashi ta ɗauki kayanta ta wuce ɗakin Hajjo. Kwanon magani yana nan a kife bayan ƙofa inda na bar shi, ta ɗauka ta zauna da shi a cinya.